Birgin Baba a Bakin Ruwan Yanbu

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji. Kun ji an ce uwarku ce ta ɗauki kakanku daga Madina, yana tsoho yana ciwo, ta kai shi shan iska bakin teku, ya rasu a can. Ba wanda ya faɗa muku a fuska, amma kun tsinta a gidan suna, kun tsinta a gidan biki, a bakin matan da ke rage murya in na shigo. Maganar ba ƙarya ba ce, guntuwa ce kawai, ni kuwa ba na son in tafi in bar muku guntu. Da gangan nake rubutawa da Hausa. Na san halinku, in yi muku Hausa ku mayar mini da Larabci kuna dariya. Wanda ya kasa karantawa ya nemi ɗan'uwansa su haɗa kai, ko ba komai dai na sa kun zauna wuri ɗaya.

Kakanku Malam Garba kun san shi tsoho mai ba dabino ruwa a wata gona bayan Bani Harisa, wanda kullum wandonsa a naɗe yake zuwa gwiwa, ko da a tsakar ɗaki yake zaune. Kun ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ita ba ce. Masunci ne ɗan masunci daga bakin kogin Shari a ƙasar Chadi, kuma ƙafar da ta saba da ruwa ba ta yarda da dogon wando. Ina 'yar ƙarama muka zo aikin Hajji, ni da shi da Inna da yayana Usman. Abin da na riƙe na can bai fi ƙamshin kifin banda ba, da wani haske da ke rawa a ƙarƙashin jirginmu da safe. Da aka gama Hajji muka zo ziyara Madina, ana shirin komawa, sai Inna ta zauna a kan kayanmu ta ce ita fa ta iso. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi an kawo ta har maƙwabtan Manzo, ba ta ga abin da za ta koma nema ba. Baba ya dube ta, ya dubi kayan, ya kwance igiya. Daga ranar ruwan da ya rage masa a duniya shi ne wanda ke fita ta bakin tiyo zuwa gindin dabino.

Ku da aka haifa a nan ba lalle ku gane yadda tsofaffinmu suka ɗauki garin nan ba. Kowa ya san falalar wanda ajalinsa ya same shi a Madina, kowa yana son a kwantar da shi a maƙabartar Baƙi'a. Amma a wurin su Inna abin ya wuce so, ya zama tsarin rayuwa. Tsoho in ya fara jin jiki ba ya kwana a wajen gari. Ko biki ake a Jidda na ɗan cikinsa, sai ya aika da addu'a ya zauna. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ko Umra ta je, a tsaye take shan ruwa don sauri. Inna kuwa burinta guda ne, kuma ba ta ɓoye shi: ita da Malam su kwanta a ƙasa ɗaya, a tashe su tare. Takan faɗe shi tana tankaɗe, tana tsintar shinkafa, kamar mai maganar cefanen gobe.

Baba bai taɓa musa mata ba. Abin da yake yi shi ne saƙa. Kullum bayan la'asar zai zauna a bakin ƙofa da zaren roba da 'yar sandarsa, yana saƙa raga. Ragarsa ta rufe nonon dabino don tsuntsaye, ta rataye albasar Inna, har yaran unguwa sun samu ta bayan gola. Amma akwai guda ɗaya da ya saƙa a hankali, ya ɗauki shekaru yana yi yana warwarewa. Birgi ne, irin ragar nan mai zagaye da masunci ke tattarawa a kafaɗa ya wurga, ta buɗe a sama ta faɗa kan ruwa. Da ya gama ya cusa shi a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Birgi ba ya aiki sai da dalma a bakinsa, ita ke ja da shi ƙasa. Dalmar Baba kuwa, wadda ya zo da ita daga Shari a 'yar jakar fata, tun shekararmu ta farko Inna ta karɓe. Iskar Madina tana ɗage mata labulen ƙofa masu wucewa suna ganin tsakar gida, sai ta jera dalmar a cikin kalmasar labulen ta ɗinke. Ta ce ai gara su sami aikin yi. Labule ya tsufa an sake wani, mun tashi daga wannan gida zuwa wancan, amma dalmar tana bin mu. Duk wanda ya shiga gidanmu ya san ƙarar da take yi in ta bugi dokin ƙofa, ƙwas, ƙwas. Da ita muke gane an yi baƙo kafin ya yi sallama.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda zuciyar Baba ta gaji. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, likita ya ce aiki ya ƙare, a zauna a gida a sha magani. Ya zauna. Bai yi ƙorafi ba, amma ya ajiye saƙa, kuma wannan ya fi kumburin tayar mini da hankali. Sai in zo daga gidana a Aziziyya in same shi a bakin ƙofa, hannuwansa a kan gwiwa ba sa komai, idonsa a kan bangon maƙwabta kamar akwai abin da ke wucewa a jikinsa. A cikin haka babanku Malam Tahir ya samu hutu a wurin da yake tuƙi. Kun daɗe kuna damun sa da Yanbu, don 'ya'yan maƙwabta sun je sun dawo da wuri da ƙumba a cikin kwalba suna yi muku yanga. Ya ce to, a shirya. Na je gida in yi wa su Inna sallama, ina ta zuba, ban lura Baba ya juyo ba.

"Rakiya, wannan Yanbun, ruwanta ana hango ƙarshensa?"

"Ba a hangowa, Baba. Bahar Maliya ce fa, wadda muka ƙetaro."

"A cikin jirgi aka rufe mu kamar awaki, ban ga komai ba." Ya gyara zama. "Akwai wuri a motar?"

Inna ce ta amsa daga bakin murhu, ba ta ko waiwayo ba.

"Babu."

"Ban tambaye ki ba, Hajiya."

"Ni kuwa na amsa. Malam, da ƙafarka lafiya ba ka fita ba, sai yanzu da aka ce a zauna a jira?"

Kafin magariba labari ya kai wa Yaya Usman a shagon da yake sayar da darduma da carbi a Anbariyya. Ya zo ko zama bai yi ba. Kun san kawunku, in ransa ya ɓaci Hausarsa ba ta isar sa, sai ya ciko da Larabci.

"Ke majnuniya ce? Duktur ya ce raha, hutu, ke kin ce bahar? In wani abu ya same shi a hanya fa? Mutum ya bar ƙasarsa, ya bar sana'arsa, ya zauna shekara da shekaru yana jiran abu ɗaya, ke ki fitar da shi saura ƙiris? Halas, maganar ta mutu."

Na ce masa ni ban gayyaci kowa ba. Gaskiya ce kuma. Na tashi zan tafi, Baba ya ce in kama masa hannu zuwa ɗaki. Da muka shiga ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana mayar da numfashi, sannan ya sa diddige ya taɓa buhun da ke ƙarƙashi.

"Uwarki tana da gaskiya, Usman ma yana da gaskiya. Amma ni, Rakiya, tun da ciwon nan ya zo, in na rufe ido ba na ganin komai sai ruwa. Ina sallah ina jin sa a idon sawuna. Allah Ya san inda na zauna, Ya san daɗewar da na yi. Ban gaji da Madina ba. Ƙafata kawai nake so in jiƙa."

Ban taɓa jin Baba ya ce yana son wani abu ba. Ko a wurin cin abinci, abin da aka ajiye shi ne abin da yake so. Na tsaya a tsakiyar ɗakin nan ina jin tsoro, don na san abin da nake shirin ɗauka. Na ce masa jibi da sassafe za mu biyo.

Da muka zo, ya riga ya fito da buhunsa, ya ce zai sayi dalma a can. Yaya Usman bai zo ba. Inna ta fito da babbar kular abinci ta miƙa mini, fuskar nan a ɗaure, ko amsa gaisuwar babanku ba ta yi da kyau ba. Kular ta yi nauyi har na ce, "Inna, duwatsu kika dafa mana?" Ta dubi Baba ta ce ya riƙa shan maganinsa, ya ce to. Iyakar sallamarsu ke nan. Mota ta tashi, na waiwaya, na ga ta koma ciki, labulen ƙofa yana tashi sama yana kaɗawa har ana hango turminta a tsakar gida. Na ce a raina iskar yau da ƙarfi take, ban kawo komai ba.

Hanyar Yanbu a lokacin ta fi yanzu tsawo, ko kuwa ni ce na gan ta haka. Duwatsu baƙaƙe da jajaye suna zuwa suna wucewa, raƙuma suna tsaye a gindin ƙaya kamar an manta da su. Ku kuna baya kuna faɗa a kan taga. Baba yana gaba kusa da babanku, idonsa a kan hanya har muka wuce Badar. Can sai ya sauke gilashi, ya ɗaga hanci.

"Ga shi nan."

"Da saura, Baba," in ji babanku. "Ko alamarsa ba a fara gani ba."

"Kai ne ba ka gani ba, Tahir. Tuƙa."

Da muka hango ruwan kuwa, ni kaina sai da na riƙe baki. Na ɗauka ruwa launi ɗaya ne. Wannan kusa da gaɓa fari ne kamar gilashi, gaba kaɗan kore, can ciki shuɗi mai duhu, sannan ya haɗe da sama har ba ka san inda ɗaya ya ƙare ba. Iska mai ɗumi da gishiri ta manne mana a fuska. Baba ya ce a tsaya tun kafin mu nemi masauki. Muka kama shi, ni da babanku, ya taka rairayi a hankali, ya shiga har ruwa ya rufe kumburin ƙafarsa. Ya tsaya. Ƙananan kifaye suka zo suna zagaya shi. Ya sunkuya ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya tofar, ya yi wata dariya da rabona da jin ta tun ina yarinya.

"Wa ya zuba wa kogin mutane gishiri haka?"

Mun kama ɗakuna biyu a wani gida kusa da bakin ruwa. Na shimfiɗa ledar cin abinci na buɗe kular Inna. Masa ce a sama, da yaji, da soyayyen nama. Da na kwashe, sai na ga wani ƙulli a ƙasa, an ɗaure shi da yagaggen tsohon zanenta. Na ɗaga, ya yi ƙara, ƙwas. Ban buɗe ba na miƙa wa Baba. Ya kwance, dalma ta zubo a cinyarsa, wasu har da guntun zaren labule a jikinsu. Ya daɗe yana juya su da yatsa. Hawaye yana bin gemunsa, bakinsa kuma yana murmushi.

"Tsohuwar nan," ya ce. "Tsohuwar nan." Sannan ya dube ni. "Kada ki faɗa wa kowa. Ta fi son a ce ta hana."

Kwanakin da suka biyo baya, in na tuna su, kamar a cikin ruwa nake ganinsu, komai yana motsi a hankali. Da safe mukan je kasuwar kifi, inda ake zube su a kan kankara, ja da shuɗi da mai ɗigo-ɗigo, wasu da baki kamar na aku. Baba ya ƙi yarda da sunayensu na Larabci. Wanda suke kira najil ya ce giwan ruwa ne ya sha lalle, hamur kuwa tarwaɗa ce da ta samu wuri ta yi ƙiba. Mai kifin bai ji ko kalma ba, amma sai da ya ƙara mana biyu. Muka kai aka gasa mana, aka haɗo da jar shinkafar nan da suke dafawa da romon kifi da soyayyiyar albasa, muka ci da hannu a kan tabarma. Mun zaga tsohon gari, inda aka gina gidaje da dutsen cikin teku, tagoginsu na katako mai huda-huda, har in ka sa ido a bango sai ka ga ƙumba a maƙale. Mun shiga wani ƙaramin jirgi mai gilashi a ƙasa, muka leƙa muka ga lambu a ƙarƙashin ruwa, da rassa da furanni na murjani, kifaye suna shiga suna fita kamar masu zuwa gaisuwa gida-gida. Ke Maryam kika fashe da kuka kika ce za mu faɗa ciki. Da la'asar mata mukan shiga ruwa da abayoyinmu, su kumbura su taso kewaye da mu, mu riƙa dariya kamar ba mu ne iyayen yara ba. Kuka cika kwalabe da wuri, kuka bi ƙaguwa har raminta, kuka binne babanku a rairayi saura kai.

Baba ba ya bin mu ko'ina. Daga kasuwar kifi sai a kai shi wata rumfa a bakin wani lungun ruwa da ba kowa, a shimfiɗa masa darduma, a ajiye masa shayi. Nan yake baza birginsa a cinya yana ɗaura dalma ɗaya bayan ɗaya. Yatsunsa sun kumbura, ƙulli ɗaya sai ya ɗauke shi lokacin da a da zai yi goma. Babanku ya ce ya kawo ya taya shi, ya ce wanda zai jefa shi ke ɗaurawa. Wani lokaci in dawo in same shi ya saki aikin yana kallon ruwa, leɓɓansa suna motsi. Na ɗauka tasbihi yake. Da na matsa sai na ji sunaye yake kira, na mutanen da suka yi su tare a Shari, yana faɗa musu inda za su tsaya.

Ranar da muka shirya komawa, na kawo masa shayin safe na ga leɓɓansa sun yi duhu. Zama ma sai ya jingina. Ƙafar ta kumbura har sama da gwiwa. Na fita na ce wa babanku ya ɗora kaya yanzu-yanzu, in mun kama hanya kafin azahar muna cikin Madina. Na dawo na durƙusa a gaban Baba na faɗa masa. Ya jawo birgin ya nuna mini bakinsa. Saura kamar kamu biyu ba dalma.

"Gobe da safe zai gamu."

"Baba, jikinka ba na gobe ba ne. Mu je gida. In ka warke mu dawo."

"Rakiya, dube ni. Ni da ke ba ma yi wa juna ƙarya." Ya kama hannuna, nasa da sanyi. "Ke ce mai mota. In kin ce a tafi, ba zan yi gardama ba, zan shiga. In kuma kin bar ni, to abin da ya zo, inda ya same ni nan ne. Kada a wahalar da ni a hanya."

Wannan ita ce gaɓar da nake so ku sani, don ita ce tawa. Ba wanda ya rufe mini ido. Na san hanya a buɗe take, na san motar tana da mai, na san abin da Inna ta kwashe rayuwarta tana roƙo. Na fita na tsaya a bakin ruwa ina kuka, ina jin kamar a raba ni biyu a aika da rabi Madina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne guntun zaren nan a jikin dalma. Na ga Inna a zuciyata zaune ita kaɗai da reza tana farke ɗinkin da ta yi da hannunta, tana sane da abin da likita ya ce. Na koma na ce wa babanku ya sauke kayan. Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata?" Na ce ban tabbata ba, ya sauke dai.

Washegari bayan sallar asuba muka kai shi lungun ruwan. Gari ya fara haske, teku ya kwanta lumui kamar an shafa masa mai. Baba ya naɗe wandon da dama a naɗe yake. Ya ɗaura igiyar birgin a wuyan hannu, ya tattara shi ninki-ninki, ya ɗora wani sashe a kafaɗa, ya kama bakin da haƙori. Babanku ya shiga ruwan yana riƙe da ƙugunsa ta baya. Suka tsaya. Suka daɗe a tsaye har na ɗauka ya fasa. Ashe jira yake. Can fuskar ruwan ta ɗan motsa a gabansa, sai na ga tsohon nan da ba ya iya ɗaga butar alwala ya juya jiki, ya saki. Birgin ya tashi ya buɗe a sama, zagaye cif kamar faifai, hasken safiya yana bi ta cikin idanunsa. Ya tsaya a can ɗan lokaci, ko kuwa ni ce numfashina ya tsaya. Sannan ya sauka a kan ruwan gaba ɗaya, da wata ƙara mai taushi, shaa.

'Yan kifaye ne a ciki, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, farare masu walƙiya. Kuka yi ta tsalle kuna ihu da Larabci. Muka hura gawayi muka gasa su a nan bakin ruwa. Baba ya ci guda ɗaya, ya tsotse ƙayar, ya ce ba laifi, amma na Shari ya fi zaƙi. Ya sa aka wanke birgin aka shanya a jikin rumfa. Da hantsi ya ce zai ɗan kishingiɗa, a juya masa darduma yadda zai riƙa jin ruwan, a tashe shi in an kira azahar. Na zauna kusa da shi ina yi masa fifita. Ina jin numfashinsa yana tafiya tare da igiyar ruwa, in ta zo ya ja, in ta koma ya saki. Na ji ya yi kalmar shahada a hankali, kamar yadda yakan yi in zai yi barci. Ban san lokacin da ya rage saura ruwan kaɗai nake ji ba. Da aka kira azahar na taɓa shi.

A Yanbu aka binne shi. Ɗaukar gawar baƙo daga gari zuwa gari sai da takardu, takardu kuwa sai an kwana ana nema, ga zafi, ga kuma abin da ya faɗa da bakinsa. Yaya Usman ya iso aka yi sallah da shi. Da suka dawo daga maƙabarta ya tsaya a ƙofar ɗakin da nake, bai shigo ba, idonsa jawur.

"Kin huta, ya ukhti? Kin kai shi ya sha iska?"

Da na buɗe baki na ce Inna ce ta ba da dalma, da maganar ta sauka daga kaina. Amma da ta koma kan tsohuwar da ke shirin shiga takaba, kuma Baba ya riga ya ce kada in faɗa. Na yi shiru. Shirun nan ya ci mini ɗan'uwa. Ba mu yi faɗa ba, da ma faɗan muka yi da ya fi sauƙi. Gaisuwar Sallah ce kawai ta rage tsakaninmu, ita ma a tsaye. 'Ya'yansa da kuka tashi kuna cin kwano ɗaya suka zama mutanen da kuke haɗuwa da su a Harami ku ɗaga hannu. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma ban ga laifinsa ba, don shi ma son Baba ne ya sa. In kun gama karanta wannan ku kai masa. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ɗayanku ya zauna ya karanta masa a hankali.

Inna ba ta ce mini komai ba. Kullum ina zuwa in yi mata shara in dafa mata abinci, ta amsa gaisuwa, ta ja carbinta. Ba ta zarge ni ba, ba ta kuma wanke ni ba. Na fi wata uku ina jiran ko wanne. Sai wata la'asar, takabarta ta kusa ƙarewa, muna zaune a tsakar gida, iska ta ɗage labulen har wani mai keke ya gan mu ya kawar da kai. Na ce mata birgin yana wurina, in ta yarda in ciro dalmar in mayar mata a kalmasa. Ta daɗe tana kallon labulen yana tashi yana sauka.

"Ya jefa?"

"Ya jefa, Inna."

"Ya buɗe?"

"Ya buɗe duka. Ba inda ya naɗe."

Ta rufe ido. Na ga fuskarta ta saki, kamar an ɗauke mata shekaru.

"Haka na fara ganinsa. Ina wanki a bakin Shari, ya zo wucewa a jirgi, ya jefa a gabana don in gani. Ko kifi babu a wurin." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bakin mayafi. "Na riƙe shi a tudu tun ƙuruciyarsa har tsufansa, bai taɓa ce mini ya gaji ba."

"To Baƙi'a fa, Inna? Kin ce ku kwanta a ƙasa ɗaya."

"Wanda Ya san inda kowane kifi yake kwana a cikin wancan ruwan, ba zai rasa inda Malam yake ba. Zai kawo mini shi." Ta ɗauki carbinta. "Bar dalmar a inda take. Ƙyale labulen ya tashi."